Daren Farko a Ikorodu

Shekara shida na yi a asibitin Azare.
Na san ƙofar da ke kuka in an tura ta,
na san kwaɗon da sai an lallashe shi.
Yau ga ni a Ikko da jaka ɗaya,
takardar aikin wata uku a ninke cikin aljihu,
farin takalmina a leda,
kada taɓo ya riga marasa lafiya ganinsa.

Ruwan garin nan ba ya sallama.
Tun daga Ojota yake dukan motar,
kwandasta na lilo a bakin ƙofa
yana kiran unguwanni kamar mai neman faɗa.
Na ba shi dubu, sai ya haɗa ni da wani mai kwandon kifi,
wai mu je mu raba canji.

A ofis suka buga min kati,
Uwani ta koma Uwami.
Na buɗe baki, na rufe,
na maƙala shi a ƙirji.

Sista Morenike a tafe ta yi min bayani:
nan auduga, can safar hannu,
firjin magani sai an tokare shi da gwiwa,
mai gado na tara ba ta son a taɓa ta.
Kafin in ce to, ta sha kwana.
Gado goma sha huɗu, daga ni sai agogo.
Baƙo makaho ne, in ji mutane, ko da idonsa biyu.
Sau uku ina buɗe durowa guda ina neman filasta.

Ƙarfe biyun dare aka ɗauke wuta,
janareta ya yi tari, ya yi tari, ya kama.
Ƙarin ruwan gado na tara ya tsaya cak,
hannun ya kumbura, sai an sake jijiya.
Tsohuwa ce, ta juya wa duniya baya tana kallon bango.
Na durƙusa da ɗan Yarabancin da na haddace a hanya,
kalma uku ce, biyu sun zube a mota.
Sai bakina ya suɓuce: "Sannu, Mama."

Ta juyo.
"Yauwa, 'yar nan. Ke kuma daga ina?"

Hausa tas, har da karin Zazzagawa.
Mama Abeke, shekara talatin tana yanka atamfa
a kasuwar Sabon Garin Zariya.
Can mijinta yake kwance, in ji ta,
can ta baro bishiyar gwaibar da ta dasa.
Ta tambaye ni ko har yanzu ana dama fura da ludayin duma.

Ta zaro hannun daga cikin zane.
"Jiya sau huɗu suka huda ni.
Bi a hankali, jijiyata matsoraciya ce."

Na ɗaure, na shafa, na jira.
Na soka. Na kuskure.
Gumi ya tsattsafo min a ƙeya.
"Ba komai," in ji ta, "hannunki bai gama sauka daga mota ba."
A karo na biyu jini ya leƙo,
ruwa ya ci gaba da ɗiga,
ɗis, ɗis, yadda yake ɗiga a Azare.

Da asuba Inna ta kira.
Kin ci abinci? Kin ga tekun?
Ban gan shi ba tukuna, Inna,
ƙamshinsa dai na shigowa ta taga.

Sista Morenike ta dawo da ƙosai a takarda,
ta leƙa gado na tara, ta dube ni,
ta karanta katin ƙirjina a bayyane.
Daga kan gado aka ce, "Uwani ne sunanta."
Ta zaro biro, ta gyara harafin.

Saura kwana tamanin da tara.
Filasta tana durowa ta biyu, hannun hagu.