Milimita Goma Sha Tara

Gadarif, bayan asuba.
Sau biyu janareto ya yi tari cikin dare,
sau biyu na farka ina salati:
in ɗumin akwatin nan ya sauka,
aikin kwana uku ya bi ruwa.

Bai sauka ba.

Shekaranjiya na rina su, na wanke,
suka ƙi riƙe shuɗi,
suka fito ja-ja kamar karkaden da aka surka.
'Yan sanduna ne, baƙin ido.
Shekarata goma sha ɗaya a kan wannan kujera
ban taɓa gaisawa da su ba.
Littafi ma sai da na kusa ƙure shi
na tarar da sunansu, suna mai sa harshe tuntuɓe.

Daga ƙafar Malam Tukur aka ɗebo su,
manomin riɗi, lauje ya sare shi a bakin fadama,
ya ɗaure da tsumma ya koma girbi,
wai kaka ba ta jiran mai ciwo.

Jiya na yafa su a faifai yadda yake yafa iri,
na dasa musu 'yan takardu shida,
kowace da nata maganin,
na ce ku kwana tare, gobe a san na gaba.

To, ga goben.
Ta farko sun haye kanta sun yi zaman dirshan.
Ta biyu, maganin da ake aunawa a kasuwa kamar gyaɗa,
ko kallo bai ishe su ba.
Ta uku haka, ta huɗu haka.
Ta biyar ta ɗan ture su gefe,
sharar yaron da aka tasa daga barci.

Sai ta shida.
Fili fes, zagaye,
kamar masussukar da aka share ana jiran dami.

Na ɗora ma'auni. Goma sha tara.
Ikhlas ta ajiye min gahawa, na ce zo ki duba,
idona yana da son rai yau.
Ta duba. Goma sha tara.

Ɗansa Bashari na tsaye a taga tun ɗazu.
Yaya zan ce masa an samu,
amma babu shi a kantin asibiti,
sai an aika Bur Sudan?
Ya riga ya fara ƙirga kuɗin riɗin da ba a sussuka ba.

Na rubuta, na sa hannu.
Kafin in rufe faifan na sake leƙawa:
can a bakin da'irar sun yi cincirindo,
shiru,
kamar masu ɗaukar karatu.