Ɗigo Biyar

A ƙarƙashin gadonmu, nan Jayanagar,
akwai rauta uku da suwic biyu,
'yan gwanjo ne, daga wani shago mai duhu a Bengaluru.
Mai shagon ya rantse lafiyarsu ƙalau,
ɗaya ta zo da tari, ɗaya da ɗingishi.
Fankokinsu na gurnani dare da rana
har Nagaveni ta ce, ita mutum ɗaya ta aura,
ba ta san da gyaran injin niƙa a ciki ba.

Wata goma sha tara.
Ƙarfe huɗu nake tashi, gari bai san kansa ba,
kofi mai ɗaci a ɗan kofin ƙarfe,
baƙin allo, farin rubutu.
Ina shata wa saƙo hanya daga birni zuwa birni,
birane kuwa duk suna ƙarƙashin katifa.
In na ƙwanƙwasa ƙofar na'ura mai nisa,
amsa iri biyu ce:
ɗigo biyar, wato ba kowa a gida,
ko alamar motsin rai biyar, cirko-cirko,
wato shigo.

Zuwan farko na faɗi.
Awa takwas a ɗaki mai sanyin firji,
na sa huɗu inda biyar ya kamata,
gini ya rushe kan lamba ɗaya.
Kuɗin zama na biyu,
awarwaron Nagaveni ne ya kwana a banki.
Ba ta ce komai ba. Hannunta ya daina ƙara,
ni kaɗai nake jin shirun.

Sahana ce ta zama malamata, shekararta shida.
In na shiga wanka sai ta rarrafa ƙarƙashin gado,
ta zare shuɗin kebul, ta sauya masa rami,
ta koma ta zauna kamar ruwa ya ci ta.
Ni kuwa sai in haƙa can sama,
ina zargin manyan ƙa'idoji, ina buɗe littafi mai kaurin bulo,
ita tana danne dariya da tafin hannu:
“Appa, ka duba ƙasa tukuna.”

Ranar komawa an kwana ana ruwa.
Mai keke-napep ya ninka kuɗi, ban yi ciniki ba.
Aka karɓi wayata, aka ba ni kujera ta bakwai.
Mu goma sha ɗaya, ba mai kallon wani,
sai ƙwas-ƙwas na yatsu kamar kaji kan tire.
Abincin rana shinkafa da madarar da ta yi tsami,
na haɗiye ban ji ɗanɗano ba.

Saura minti arba'in.
Na ƙwanƙwasa.
Ɗigo biyar.
Na sake. Ɗigo biyar.
Gumi a cikin wannan sanyi!
Na bi tebur, na bi tace, na bi kowace iyaka,
komai daidai, saƙo kuwa ya ƙi isa.
Sai na ji ta, ƙarara, kamar tana bayan kujera.
Na sauka ƙasa.
Wata ƙofa ce a rufe, kalma guda ta kulle ta,
tun safe take kallona.
Na buɗe.
Biyar suka miƙe tsaye.

Sakamako ya zo ƙarfe biyu da kwata na dare.
Lamba ce kawai, mai gida biyar, kusa da sunana:
Vittal Shenoy.
Na tashi Nagaveni, ta karanta sau biyu,
ta shafa wuyan hannunta, ta ce, “Jibi banki.”

Na durƙusa na kashe su ɗaya bayan ɗaya,
mai tari ce ta ƙarshe.
Ɗakin ya yi tsit, har muna jin ɗigar rufi.
Can sai ga Sahana a bakin ƙofa, tana murza ido:
“Wa ya kashe? Na kasa barci.”

Na kunna mata guda ɗaya.