Ramin Barau

Bayan Goron Dutse, inda kwata ke karkacewa
ta bi gindin katangar masu bulo,
akwai rami da unguwa ta manta sunansa.
Ni ban manta ba. Na kakana ne, Barau.

Maƙerin farfaru ne.
A Kurmi yake sayen zaiba, cikin 'yar kwalbar turare,
ɗigo kaɗan, kuɗin tiya goma ta gero.
Ya kwaɓa ta da zinari, ya shafe warwaro,
ya sunkuya kan garwashi yana hurawa
har ta tashi ta bar masa rawaya.

Wani Buzu mai kanwa ne ya ba shi labari:
wai a jan dutse zaiba take kwana,
ka gasa shi a tukunya, ka kife wata a kai,
da asuba ka tarar dutse ya yi gumi,
farin gumi mai gudu kamar an kore shi.

Barau ya dubi bayan gidansa. Ja wur.
Ya ari dagi, ya sayi diga.

Rani bakwai yana sauka da igiya.
Tabawa ba ta ƙirga shekaru ba, tukwanenta ta ƙirga:
arba'in da ɗaya, har da ta jiƙon yaran.
Maƙwabta suka ce ai rijiya yake,
da ruwa bai zo ba suka ce kabari,
daga nan suka fara ɗibar ƙasar suna yaɓen ɗaki.

Yau ni ce na sauka, jikarsa,
da guduma da takardar jami'a a jaka,
ina karanta bangon daga sama zuwa ƙasa.
Kamu biyu na farko namu ne:
leda, toka, gindin kwalba, takalmin yaro ƙafa ɗaya.
Sai jar ƙasa.
Sai marmara mai huji-huji kamar saƙar zuma,
wadda damina da rani suka yi ta toyawa
tun ba a san za a yi Dala da mutane ba.
Ƙarƙashinta farar laka, dutse ne da ya ruɓe a tsaye.
Can ƙasa kuma fa,
wanda ya huce tun kafin a halicci mai jin sanyi.
Ga shaidar digarsa a kai, tsaga uku, sai ya tsaya.

Kaka, janta ba na zaiba ba ne.
Tsatsa ce. Tama ce,
abincin maƙeran baƙi da kake wa kallon ƙasa-ƙasa.
Zaiba tana son ƙasa mai zazzaɓi,
ruwan zafi da farar wuta suna hawa ta tsaga.
Tamu ta daɗe da yin sanyi.

Amma na ɗebi ƙasa a kusurwar maƙerarka,
inda yanzu ake ɗaure akuya,
na kai ɗakin gwaji.
Na'ura ta yi shiru, sannan allura ta motsa.

Tana nan.
Kai ka kawo ta, kwalba bayan kwalba.
Sai na tuna hannunka da kofin shayi,
yadda rabi ke zuba kafin ya kai baki,
haƙoranka da suka fita ba ciwo,
da fushin da ke zuwa maka ba sallama.
Muka ce tsufa ne. Wasu suka ce iskokin rami.
Ashe ma'adinin da ka sha rana kana nema
a jikinka ya tare, yana kwana a shimfiɗarka.

An sayar da filin. Ranar Asabar tifa za ta zo.
Na ɗauko marmara guda, daidai tafin hannu.
Ba ta da kuɗi ko kwabo.
Tana kan tebur, tana danne mini takardu,
kuma kullum sai ta bar ja a yatsana.