Rawar Ɗari da Goma

Rabe ya kawo ta gareji bayan la'asar,
ja, mai ƙofa biyu, cikinta na shafar ƙasa.
Ya ce, "Oga Mati, cikin gari lafiya lau,
daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Guga ko tari ba ta yi.
Amma in na miƙi titin Daura,
allura ta haye ɗari da goma,
sai makyarkyata kamar mai masassara."

Na ce, ka faɗa rami?
Ya ce a'a, idonsa na kan sabon fentin bamba.

Muka kama hanyar Mashi.
Sitiyari na kaɗa tafin hannuna,
kujera shiru, ke nan ciwon na gaba.
Na zare giya ta gangara da kanta,
rawar na nan, inji ya fita zargi.
Na taɓa birki. Ba ruwansa.

Da muka dawo na ɗaga ta bisa jak,
na wulwula tayar hagu,
na kara alli gefen rim.
Ya lashi wuri guda, ya ƙyale saura.
Leɓen ciki ya lotsa
can inda ido ba ya leƙawa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Ya ce, "Kwalbati ne, wajen Shargalle, da dare.
Ta yayana ce. Jibi zai dawo."

Na goge allin a wandona.
Rim kam, gobe a sa wani.
Rawar da na gani a yatsunsa
yana ƙirga mini kuɗi,
ita ce ban da jak ɗin ɗagawa.