Layin da Ruwa Ya Bari

Ruwan bai yi sallama ba.
Ƙarfe biyun dare ya shigo Sakwa ta bayan makabarta,
ya lashi katangar Bawa mahauci
har ta durƙusa.
Kowa ya rarumi abin da zuciyarsa ta fara tunawa:
wani buhun gero, wata jariri da tabarma,
Malam Ilu ya saɓo tunkiya, ya manta takalmi.
Ni mabuɗin ɗakin magani na laluba,
fitilar waya a tsakanin haƙora.

Da na tura ƙofar, kwalaye na iyo kamar agwagi.
Bahon wanki na samu.
Na zuba maganin zazzaɓi, abin da bai jiƙe ba,
ƙullin gishirin gudawa saba'in da ɗaya,
ƙwayoyin hawan jinin Inna Kulu,
waɗanda take kira "'yan fararen nan",
sai kwalba uku ta allurar Baffa Ɗanlami,
masu ƙin zafi kamar man shanu.
Rajista ta zama kunu. Na bar ta.
Sunayen suna kaina.

Baho a ka, ruwa a ƙirji,
ƙafa na tambayar ƙasa: nan hanya ce ko rijiya?
Wani abu ya goge ni a cinya, ban duba ba.

Firamare ta tudu ta karɓe mu.
Aji uku ya zama asibiti.
Babu wuta, balle firji,
sai Tabawa ta ba ni aron randarta,
muka binne ta a jiƙaƙƙen yashi,
muka kwantar da kwalaben Baffa a ciki,
muka rufe da faifai.
A allo, ƙarƙashin darasin da yara ba su gama ba,
na rubuta abin da ya rage.
Kullum da magariba ina gogewa da gefen mayafi,
ina rubuta ƙasa da na jiya.

Rana ta huɗu aka ce hanya ta yanke.
Sauro ya yi mana sansani.
Yara goma sha biyu a layi, goshi kamar kaskon tuya,
magani na mutum tara.
Ba a koya mana wannan lissafin a makaranta ba.
Na taɓa kowane goshi sau biyu,
na kalli idanun uwayensu sau ɗaya kawai.
Wata ta kwance ɗan kunnenta ta miƙo.
Na ce mayar, Yalwa,
ba kuɗi ne ya ƙare ba.

Manu mai kwale-kwale ne ya ce zai gwada.
Na rubuta masa takarda, ya naɗe a leda,
ya cusa cikin hula.
Ya tuƙa ta saman gonar dawar mahaifinsa,
kawunan zangarniya na gaishe shi ta ƙasa.
Yini guda, da dare, da rabin wani yinin.
Baffa ya daina tambaya, sai kallon randa yake.
Kwalba ɗaya ta rage, ita ma rabi.

Da la'asar yara suka fara ihu daga bakin ruwa.
Katan biyu, ɗaure da igiyar guga,
tafin hannun Manu duk ya saɓule.
Bai ce komai ba, ruwan sha ya nema.
Muka yi dariya har da hawaye:
ga ruwa har inda ido ya tsaya.

Ba kowa muka riƙe ba.
Ƙaramar 'yar Yalwa tana bayan ajin, ƙarƙashin darbejiya.

Yanzu ruwan ya koma inda ya fito.
Ya bar layi a bangon ɗakin magani,
ja-ja, daidai kafaɗata.
An ce in shafe da fenti. Na ƙi.
Jiya na kira kafinta,
na sa yatsa a kan layin, na ƙara kamu biyu sama,
na ce: nan za ka kafa kantar.