Masu Kunne

Likitar Haɗeja ta juya katin Baba Haladu,
ta zana da'ira a bayansa da biro.
"Ga ƙwaya ɗaya," in ji ta,
"cikin dubban da suka yi wa mafitsara daɓe."
Ta ɗiga mata 'yan tsinake a gefe.
"Waɗannan kunnuwanta ne.

Mai lafiya takan ji kira, ta amsa, ta koma ta zauna.
Taka kuwa kunnenta ya maƙale a buɗe,
ko ba a yi magana ba, ji take ana cewa tashi.
Sai ta saki hannun maƙwabciyarta,
ta miƙa ƙafar da ba a halicce ta da ita ba,
ta ɓula katanga, ta bi jini."

Baba ya daɗe yana duban zanen,
hularsa a gwiwa.
"Ashe ci-rani suke tafiya.
Ni ma da na tafi Fatakwal ba korata aka yi ba,
Cindo ne ya dawo da rediyo da agogo,
na kwana bakwai ina jin sunana a bakin tasha."

Ya tuna mata kogin Auyo,
yana ɗan shekara goma, fitsari ya fito ja,
sa'o'insa suka yi shewa, wai ya zama namiji.
Ba wanda ya ce tsargiya ce ta zuba ƙwai,
ƙaya a tafin ƙafa,
shekara hamsin tana sukar wuri guda.

"To, ba a toshe musu kunnen?"
"Ana ƙoƙari, Baba. Akwai masu kwana a kan haka.
Wani lokaci a toshe ɗaya, su buɗe wani."
Ta rubuta mana takardar Kano.
Ni na karɓa, hannunsa na rawa.

A hanyar gida bai ce uffan ba
har muka zo gadar kwalbati, inda shinkafa ta fara kai.
Yara sun cika magudanar ruwa, tsirara, suna alkafura,
cikinsu har da Talle, jikansa.

Ya sa na tsai da babur.
Ya sauka da ƙyar, dafe da mara,
ya kira yaron sau uku,
na ukun da muryar da ban san tana nan ba.

Talle ya ɗago kai, ya yi mana dariya,
ya sake nutsewa.
Ruwa ya cika masa kunne.