Sakan Bakwai

Ƙarfe biyun dare a Valparaíso.
Gajimaren teku ya sauko ya lulluɓe tuddai,
ƙugiyoyin tashar jirage ba su daina ɗaga kwantena ba,
ni kuwa ina hawa na huɗu, ni da allo da guntun alli
da shayin da ya huce tun la'asar.

Ximena Huenchullán, shekara ta uku a digirin digirgir.
In an tambaye ni aikina, sai in ce lissafi, in yi shiru,
don gaskiyar ba ta shiga kunne:
ina zaune ne a ɗaki mai fuska dubu ɗari biyu,
inda kowane ɗigo ya yi nisa da kowane ɗigo,
ba maƙwabci, ba kusa,
lemo ma in ka ɓare shi a can, duk ɓawo ne.

Babana ya shekara talatin da ɗaya yana sauke kaya,
garin siminti ya ci masa rabin huhu.
Ran Talata aka tura shi ramin na'urar maganaɗisu,
murya ta ce: riƙe numfashi, sakan ashirin.
Ya kai bakwai, ya saki.
Hoton zuciyarsa ya fito kamar tawadar da ruwa ya daka.
Sau huɗu ana sakewa.
Ya fito yana ba nas haƙuri,
shi da bai yi wa kowa laifi ba.

Tambayata ba ta wuce wannan ba:
in na'ura ta ji kashi ɗaya cikin uku,
ana iya gano sauran?
Farfesa Arancibia ya ce ana iyawa,
muddin abin da ake nema bai cika surutu ba.
Hoton zuciya, in ji shi, yawancinsa shiru ne.
Juya shi ta fuskar da ta dace,
sai ki ga sifili sun jeru har ido ya gaji,
lambobi ƙalilan ke ɗauke da labarin.
Cikin dubun amsoshin da suka yarda da ma'auni,
ɗauki wadda ta fi kame baki.

Faɗa da baki ba wuya.
Wata biyar hujjata na cije a shafi na sha ɗaya.
Nibaldo, mai teburin gefena, ya leƙo yana tauna burodi,
ya sa yatsa a layi guda:
nan kin raba da abin da kan iya zama sifili.
Na shiga bayi na yi kukana,
na wanke ido, na dawo na goge allo.

Jiya ni na kwanta a ramin, na riƙe bakwai cif.
Yanzu kwamfuta na ta maimaita zagaye,
ɗari uku, ɗari huɗu,
dusar na janyewa, ɗakunan zuciyata na bayyana,
bango, ƙofa, har siririyar jijiya.
Ya kamata in yi tsalle.

Amma ƙaramin tabo shi ma ba ya surutu.
In lissafina ya ɗauke shi hayaniya ya share fa?
In ya ba likita hoto tas, mai kyan gani,
alhali ciwon na can cikin kashi biyun da ba a ji ba?
Wannan ba ya cikin hujja.
Na rubuta shi a gefen allo, na zagaye shi sau biyu:
Babi na biyar.

Da asuba na gangara matakala ɗari da sittin,
ƙaramin jirgin tudu bai fara aiki ba.
Na tarar da shi a kicin, agogo a tafin hannu,
kumatu a kumbure, ido a kan allura.
Ya fesar da iska, ya yi tari har ya dafa tebur.

Kin gama? ya ce.
Na ce da saura.
Ya ce to, kar ki yi gaggawa,
yau na kai tara.